Mazarƙwaila a Haɓar Zanin Inna

Ni ce 'yar aike tsakanin Inna da ɗanta na fari, kuma na fi shekara talatin ina wannan aikin ba tare da an taɓa tambayata ko ina so ba. Ƙauyenmu yana kusa da Fagam, a ƙasar Gwaram, inda uwa take kunyar ɗan fari da gaske, ba irin ta 'yan birni ta fatar baki ba. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta dubansa ido da ido, in ya gaishe ta ma sai ta amsa tana kallon murhu. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko "yayanki" in magana ta yi nauyi. Baƙon da ya kwana biyu a gidanmu zai iya rantsewa ba ita ta haife shi ba.

Amma duk ranar kasuwa sai ta ba da sautun mazarƙwaila, jan sukarin nan na rake da ake dafawa a daskarar. In sautu ya iso ta ƙulle shi a haɓar zaninta, ta yafito ni bayan rumbu, ta kwance ta ɗora min a tafin hannu.

"Kai wa wancan. Saura ki lasa a hanya."

Ina lasa kuwa. Allah na tuba, ban tuna curi ɗaya da ya isa hannun Yaya da gefensa cikakke ba.

An haifi Yaya da huda a zuciya. Yana ƙarami ba ya ƙiba, ga haki in ya yi ɗan wasa, sai Baba ya ɗauke shi zuwa Kano. Likita ya ce akwai 'yar ƙaramar kafa a bangon da ya raba ɗakunan zuciyarsa biyu, ba ta kai a yi aiki ba, amma a riƙa lura da shi. Wataƙila likitan ya faɗi wasu abubuwan, Allah ne masani. Abin da Baba ya dawo da shi gida dai magana ɗaya ce: kada yaron nan ya wahala. Mu kuwa mutanen gona ne, wahala a wurinmu ita ce fartanya, da ɗaukar dami, da jan guga. Shi ke nan aka hana Yaya dukkansu, aka haɗa da ƙwallo da kokawa. Da safe ya je makarantar allo, da rana ya zauna a zaure wajen wani tsoho mai ɗinkin hula yana koyo.

Ina ƙarama abin yana ba ni haushi, kuma ban iya ɓoye haushi ba har gobe. Ni in yini a rana ina roron gyaɗa, ladana tuwo da miyar kuka. Shi yana inuwa da allura, ladansa zaƙi, kuma ni ce ma mai kai masa. Wata rana na yi ƙorafi, Inna ta ce, "Ke ai ina iya ɗora ki a cinya." Ban gane ba a lokacin. Sai da na haihu na gane cewa matar nan tana da ɗa mai ciwo da al'ada ta hana ta runguma, kuma kullum a tsorace take kada ta wayi gari babu shi.

Shi Yaya mutum ne mai tsokana. Yakan ce in na kawo saƙon ban lasa sosai ba, to zai bar ni in ji injin niƙansa. Sai in ɗora kunne a ƙirjinsa, in ji bugun zuciya da wani huci a tsakani, shuu, shuu, kamar ana fifita wuta. Na ɗauka kowane babban yaya haka ƙirjinsa yake.

Ya girma, ya ba duk masu tsoro kunya. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyar, hulunansa har Gwaram ake zuwa saye. Baba ya rasu ya bar shi babban gida. Ni kuma aure ya kawo ni Birnin Kudu, ina koyarwa a wata Islamiyya. Duk da haka saƙo bai tsaya ba. In ba na nan jikoki ke kaiwa, amma Inna ta ce sun fi ni ɓarna, don haka da na sauka daga mota za ta fara taɓa haɓar zani. Mutum da furfura a gemu, a kai masa mazarƙwaila a zaure a gaban abokansa, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Ki ce na gode." Ya jefa a kunci ya ci gaba da ɗinki, yana tsotsa har la'asar.

Haƙoran kuwa sun daɗe da gaya mana. Tun yana ɗan shekara talatin turamensa suka rurruɓe, dasashinsa yana jini in ya ciji zare. Muka mai da abin wasa. Nakan ce masa bakin nan naka ko akuya ba za ta yi musaya da kai ba. A gidanmu an san a tambayi Yaya ko yana haki, ko ƙafarsa ta kumbura, amma ban taɓa jin wanda ya tambaye shi haƙori ba.

Wata shekara bayan an gama girbi na je gida na same shi kunci a kumbure, ya cusa kanumfari a ramin haƙori yana nishi. Akwai wani mai cire haƙori da yake baza kayansa a kasuwa, filaya da auduga a cikin gwangwani. Da bakina na ce, "Haba Yaya, ka je a fizge maka shi mana mu huta da wannan nishin." Ya je. Ya dawo da auduga a baki yana ɗaga min yatsa, wai ya huta. Ban manta wannan maganar tawa ba, kuma ba na jin zan manta.

Bayan kamar mako uku zazzaɓi ya fara. Ba mai kayar da mutum ba ne, ɗan ɗumi ne da kasala. Aka ce na sauro ne, aka sha magani. Ya lafa, ya dawo. Aka ce to taifot ne, aka sayo kafso a kemis. Ya sake lafawa, ya sake dawowa. Haka aka yi ta yi har kusan wata biyu. Matarsa ta ce kullum da safe rigarsa a jiƙe take da gumi. Ya rame har hularsa tana sauko masa kan kunne. Daga baya allura ta fara faɗuwa daga hannunsa, don wasu ƙuraje masu zafi da suka fito masa a kan yatsu.

Ina cikin aji aka kira ni a waya. Wata jikar Inna ce ta danna ta miƙa mata. Ba gaisuwa, ba komai, sai ta ce, "Ki zo ki ga yayanki." Na ajiye alli na nemi mota.

Washegari na kawo shi asibiti a Birnin Kudu. Likitan da muka samu mutum ne marar gaggawa. Ya daɗe da abin sauraro a ƙirjin Yaya, ya juya hannunsa ya duba farata, ya nuna min wasu siraran layuka baƙaƙe a ƙarƙashinsu kamar sartse. Ya tambayi tun yaushe yake da wannan hucin, Yaya ya ce da shi aka haife shi. Sai likita ya ce, "Malam, an taɓa maka haƙori kwanan nan?"

Yaya ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa na dubi takalmana.

Aka ɗebi jininsa har sau uku. Na farko bai nuna komai ba, likita ya ce kafson da aka yi ta sha rabi-rabi ne ya ɓoye ƙwayar cutar, bai kashe ta ba. Aka tura mu Kano aka ɗauki hoton zuciya, muka dawo da takarda. Sannan ya zaunar da ni da matar Yaya ya yi mana bayani da Hausa tsantsa. Ya ce a cikin zuciya akwai wasu ƙananan ƙyamare da suke buɗewa suna rufewa don jini ya bi hanya ɗaya. Bakin kowa yana da ƙwayoyin cuta, kuma ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai jini su ne ƙofar da suke bi su shiga jini, balle a fizge haƙori ba shiri. A zuciyar mai lafiya galibi sai su wuce. Amma a ta Yaya, jinin da yake tsartuwa ta hudar nan shekara da shekaru ya kurje wani wuri, sai suka samu abin maƙalewa, suka taru a kan ƙyaure ɗaya suna cinsa. In ba a kashe su ba za su lalata ƙyauren, ko wani ɓallin ya ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa. Magani allura ce ta jijiya, mako shida cur, a gadon asibiti. Na tambaye shi ko zai tashi. Ya ce, "Za mu yi iyakar ƙoƙarinmu, Hajiya, a haɗa da addu'a."

Na fito na zauna a kan dakali. Shekara arba'in da 'yan kai muna tsare mutumin nan daga fartanya da guga, ashe ta baki abin zai shigo.

Inna ta zo ranar Juma'ar farko. Ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta ba ƙofar ɗakin baya, kamar wani maƙwabci ta zo dubawa. Ta tambaye ni ko yana cin abinci, na ce kaɗan-kaɗan. Sai na ga hannunta ya tafi haɓar zani.

"Kai wa wancan. Bakinsa zai yi ɗaci da magani."

Na karɓa. Na shiga na dangwara masa a kan gado na ce, "Ga abin da ya kawo ka nan. Yau sai na gaya mata."

Ya ɗauka da hannun da babu allura, ya tura ƙarƙashin matashi. Ya ce, "Auta, in kika gaya mata, ba ni ba ke."

"To ka ci gaba da sha ka mutu?"

"Wa ya ce zan sha? Ajiyewa zan yi." Ya numfasa. "Tunda aka haife ni, da wannan mazarƙwailar take min magana. Ki rufe mata baki, da me kuma za ta yi?"

Gaskiyar magana, fushin da nake yi da Inna rabinsa nawa ne. Ina neman wanda zan ɗora wa laifi don in manta da wadda ta ce a je kasuwa a fizge. Yaya ya san haka, amma bai taɓa ɗaga min maganar ba. Abin da kawai ya ce shi ne, "Fita ki ce na gode." Na fita na faɗa.

Juma'a ta biyu ma haka. Ta uku ce asiri ya tonu, kuma kiyashi ne ya tona shi. Wata nas, babbar mace mai kirki amma mai murya, ta zo canza zanen gado, ta ɗaga matashi ta ga curi uku a leda, kiyashi ya yi layi daga taga. Ta ɗaga ledar sama ta ce, "Wa yake kawo wa bawan Allahn nan wannan? Ruɓewar haƙori ce ta kai masa cuta zuciya, muna nan muna fama mu ceto shi, ku kuna ƙara masa zaƙi?"

Ƙofa a buɗe take. Inna tana baranda, bayanta gare mu.

Na yi wuf na ce, "Ni ce nake kawowa." Ba ƙarya na yi ba, ai ni ce. Na leƙa waje na ga Inna ba ta motsa ba, tana jan carbinta yadda take ja. Na ce a raina Allah ya sa ba ta ji ba. Wauta ce kawai irin tawa. Matar da ta shekara arba'in tana sauraron numfashin ɗanta ta bayan zana tana yin kamar tsintar shinkafa take, ita ce ba za ta ji nas mai murya ba? Da aka yi la'asar ta naɗe tabarma ta ce a kai ta tasha.

Juma'ar da ta biyo ba ta zo ba. A makon nan ne kuma zazzaɓin ya dawo da ƙarfi. Likita ya canza magani, ya ce in ƙyauren ya ci gaba da lalacewa sai an yi maganar aikin zuciya, kuma ba a nan ba. Yaya yana kwance idonsa ya faɗa, amma duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai ya dubi baranda. Da ya gaji ya ce min, "Ba ta aiko ba?" Na ce ba ta aiko ba. Ya juya fuska bango. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan makon ba. Na ji tsoron ya tafi yana zaton ta yi fushi, ita kuma ta ƙare rayuwarta tana ganin da hannunta ta kashe shi.

Na yi waya gida. Jikar ta ce Inna lafiyarta ƙalau, amma ba ta cin abincin kirki, kuma ta sa an kai ta wajen ma'aikaciyar ɗakin shan magani na ƙauye sun daɗe suna magana. Ban san me suka tattauna ba.

Allah cikin ikonsa sabon maganin ya karɓe shi. Kwana huɗu, biyar, jiki ya yi sanyi, gumi ya tsaya. Aka sake gwada jini aka ce babu ƙwayar. Likitan haƙori na asibitin ya cire masa sauran ruɓaɓɓun, wannan karon da shiri da magani a jikinsa, ya wanke waɗanda suka rage. Likitan zuciya ya ce ƙyauren ya samu tabo, zai riƙa zuwa ana dubawa har iyakar rayuwarsa. Ya ce duk zazzaɓin da ya wuce 'yan kwanaki kada a sake sayen kafso, a zo a gwada jini tukuna, kuma duk wanda zai taɓa masa baki a fara gaya masa zancen zuciyar. Yaya ya fara dawowa da tsokanarsa. Ya ce yanzu ko tuwo sai ya nemi izini kafin ya tauna. Na ce da ma akuyar ta ƙi musaya tun bakin yana cike, balle yanzu.

Ana saura kwana uku a sallame shi Inna ta zo, da hantsi, ba ma ranar Juma'a ba. Na karɓi tabarmar zan shimfiɗa mata a baranda, ta ce in bari. Hannunta ya tafi haɓar zani. Na miƙa tafin hannu yadda na saba tun ina 'yar shekara shida.

Ta wuce hannuna kamar ba ta gan shi ba. Ta tura ƙofa ta shiga.

Na bi ta a baya. Yaya yana zaune a kan gado, da ya gan ta a cikin ɗakin sai ya fara ƙoƙarin saukowa ya durƙusa, robar allura tana jansa. Ta ce, "Zauna." Wannan ce kalma ta farko da na taɓa jin ta gaya masa kai tsaye. Ta zauna a bakin gadon, ta kwance ƙullin. Asuwaki ne guda bakwai na darbejiya, an yanka su tsawo ɗaya, an ɗaure da zare.

"Ni na yanko," ta ce, tana kallon asuwakin. "Na daddaka bakinsu a turmi, na jiƙa. An ce kada abu mai tauri ya fasa dasashi. An ce a haɗa da buroshi mai laushi, shi kuma sai Auta ta sayo, ban san irinsa ba."

Yaya ya waiwayo ya dube ni, don bai san yadda ake amsa mata ba sai ta bakina. Ni kuwa hawaye ya riga ya hana ni amfani.

"Ba ita na ba ba," in ji Inna. "Kai na ba. Ungo."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Na gode, Inna." Ta ce ya gwada ɗaya yanzu. Ya zare guda ya goga a hankali a kan 'yan haƙoran da suka rage, na miƙa masa ruwa ya kurkure a tasa. Duk wannan lokacin ba ta tashi ba. Da ya gama sai ta matso, ta ɗaga ido ta dubi fuskarsa sosai, ta daɗe tana duba, har furfurar gemun. Sannan ta sa yatsa biyu ta tallafi haɓarsa.

"Buɗe in gani ko ya yi jini."

Uban 'ya'ya biyar, babban gidanmu, ya rufe ido ya buɗe mata baki.